Starlet sabon yayi: tambarin Toyota, injin Suzuki. Wace irin yarjejeniya ce tsakaninsu?

Ɗan Zengo ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san harkar motoci ciki da waje ya warware mini wata magana kafin in saki kuɗina.

Ni direba ne. Da ƙuruciyata na yi taksi a Yamai da tsohuwar Starlet, irin masu jan kan nan da duk wanda ya zauna Yamai ya sani. Motar nan ta ci da ni, ta ci da iyayena, da kuɗinta na yi aure. Daga baya na dawo gida Damagaram na kama tuƙin Hiace tsakanin nan da Magarya, ta wani Alhaji ce, ba tawa ba. Yanzu Allah ya hore mini ɗan abin da na daɗe ina tarawa, ina son ƙaramar mota tawa ta kaina, in riƙa ɗaukar shata zuwa Mirya ko Matamaye ko Maraɗi, da safe kuma in kai yara lakol.

Wani dillali ya nuna mini Starlet sabon yayi, fara, ta 2021, wai wani ma'aikacin porje ne ya hau ta a Yamai kafin a canza masa wurin aiki. Mota tsaf, kujeru ba inda ya yage, sanyi na aiki, takardun duwan a cike. Ina ganin sunan Starlet a bayanta hankalina ya kwanta. Na ja ta zuwa wurin wani yaro makanike ya duba mini. Da ya ɗaga bonet ya haska tocila, sai ya yafito ni ya nuna mini wata alama a jikin wasu kayan injin, ya ce wannan tambarin Suzuki ne, kuma wannan inji ba irin wanda na sani ba ne. Ya ce shi dai ya ji ana cewa a Indiya ake yin ta.

Dillalin ya rantse ba wanda ya taɓa injin, haka ta fito daga kamfani, wai Toyota da Suzuki ne suka haɗa kai. Ban ƙaryata shi ba, amma dillali ne, so yake ciniki ya faɗa. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Gaskiya ne sun haɗa kai? In gaskiya ne, wa ya sayi wani a cikinsu? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kamfani kamar Toyota, mai Hilux da Land Cruiser da ke ratsa rairayin hanyar Agadas, me ya rasa har zai karɓi motar wani ya manna mata sunansa? Kuma ni da zan zauna da motar nan a Damagaram, nisan kusan kilomita 900 daga Yamai, in wani abu ya lalace wurin wa zan nufa, masu kayan Toyota ko masu kayan Suzuki? Kuɗin nan ba ni da wasu bayansu, don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Mai Garejin Tasha ya amsa:

Wa alaikumus salam. Yaya, dillalinka bai yi maka ƙarya a wannan ba, yaron ma ya gani daidai. Starlet ɗin da aka fara sayarwa a Afirka a 2020 Suzuki Baleno ce, a Indiya ake ƙera ta, aka sa mata tambarin Toyota a gaba da baya da kan sitiyari. Tsohuwar taka kuwa 'yar Japan ce, an daina yin ta tun 1999. Suna kawai suka haɗa. Ko kusa ɗaya ta tsohuwar kada ka sa ran za ta shiga sabuwar.

Ta 2021 injinta K14B ne, lita 1.4. Waɗanda suka fito daga 2022 an sa musu K15B, lita 1.5. Dukansu na Suzuki ne. Abu ɗaya da zai faranta maka: sarƙa gare su a taimin, ba bel ba, don haka wannan fargabar ta tsinkewar bel a tsakiyar daji da ka sani a tsohuwar ta ragu sosai, muddin kana canza baƙin mai a kan lokaci. Ba kabireta a cikinta, injekta ce da kwamfuta. Wanda ya saba kwance kabireta ya hura da baki ya mayar, to nan hannunsa ba zai yi aiki ba, sai mai na'urar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ta karanto ciwon motar. Tankinta lita 37 ne, kuma ba ta da shan mai, don jikinta ba nauyi, ba ta cika tan guda ba.

Rashin nauyin nan shi ne daɗinta, shi ne kuma abin da za ka kiyaye. Motar kwalta ce. Mirya, Matamaye, Maraɗi, duk lafiya lau. Amma in wani ya zo ya ce ka kai shi wani ƙauye bayan Tanut inda kwalta ta ƙare, ka ba shi haƙuri. Kada kuma ka yi mata lodin da kuke yi wa Hiace, buhu kan buhu har bayanta ya zauna. Mutum huɗu da jakunkunansu, shi ke nan.

Maganar kayan gyara, ga yadda nake yi. In na je wurin masu kaya, ko nan ko Kano, na ce Starlet, sai a miƙo mini na tsohuwa, don ita suka sani. Saboda haka ba na kiran sunan Starlet sam. Cewa nake a ba ni na Baleno, in faɗi shekara da lambar inji, in kuma tafi da wanda na kwance a hannu a gwada. Filtar mai, filtar iska, fulogi, kayan birki, duk ta wannan hanya ake samu. Inda za ka buɗe ido shi ne Indiya da Afirka ta Kudu sitiyarinsu a dama yake, namu a hagu. Kayan inji ɗaya ne, amma abin da ya shafi sitiyari da fitilun gaba sai ka tabbatar na hannun hagu aka ba ka. Jabu kuma ya yi yawa a kasuwa, kwali mai kyau, ciki shara. Filtar iska musamman kada ka yi mata rowa, ƙurar hunturu ta garin nan ita ke cinye inji tun kafin lokacinsa.

Dalilin da ya sa suka haɗa kai kuwa, wannan sai manya masu karatu.

Baba na Birni ya amsa:

Ɗana Ɗan Zengo, mai gareji ya ba ka abin da hannunsa ya taɓa. Bari ni kuma in ba ka abin da na bibiya. Na yi shekaru ina kula da motocin wata ƙungiya mai zaman kanta, ni ke rubuta takardar sayen mota da ta kayan gyara, dole ta sa na san wa ke ƙera me.

Ba wanda ya sayi wani. Ka riƙe wannan, don duk maganar a kansa take tsaye.

A watan Oktoba na 2016 shugaban Toyota na lokacin, Akio Toyoda, da dattijon Suzuki, Osamu Suzuki, suka zauna gaban 'yan jarida suka ce sun fara tunanin yin aiki tare. A Fabrairun 2017 suka sa hannu kan takardar fahimtar juna, wadda ta ambaci fasahar rage hayaƙi, da ta kare rayukan waɗanda ke cikin mota, da ta sadarwa, da kuma ba juna motoci da kayan haɗa su. A Maris na 2019 ne aka fito da abin da ya shafe mu kai tsaye: Suzuki za ta ba Toyota motoci huɗu da take ƙerawa a Indiya, wato Baleno da Vitara Brezza da Ciaz da Ertiga, don a sayar da su a Afirka da sunan Toyota. Baleno ta zama Starlet, Brezza ta zama Urban Cruiser, Ciaz ta zama Belta, Ertiga mai kujera bakwai ta zama Rumion. Daga baya Celerio ma ta shigo da sunan Vitz.

Ka tambayi me Toyota ta rasa. Ta rasa iya yin ƙaramar mota mai araha a ƙasar talakawa ta kuma ci riba a kanta. Wannan gwaninta ce daban, ba irin ta Land Cruiser ba. Ta gwada da wata mota Etios da ta fara yi a Indiya a 2010, ba ta yi kasuwar da aka so ba, aka daina ta a 2020, kuma gurbinta ne Starlet ɗin nan ta cike a Afirka ta Kudu. Ita kuwa Suzuki tun 1983 take fitar da ƙananan motoci a Indiya tare da kamfanin ƙasar mai suna Maruti, har ta kai a lokacin da ake wannan yarjejeniya kusan rabin motocin da ake sayarwa a Indiya nata ne. Wanda ke yin abu da yawa haka, kowace kusa da kowane gilashi a farashi mai sauƙi yake samunsu. Toyota ta lissafa ta ga in ta ce sai ta gina nata daga tushe, za ta kashe kuɗi da shekaru, ƙarshe kuma ta fito da mota mai tsada wadda irinku ba za ku iya saya ba.

Suzuki kuma nata ciwon daban ne. Tana sayar da mota wajen miliyan 3 a shekara, Toyota na sayar da wajen miliyan 10. Dokokin hayaƙi a Turai sai ƙara tsanani suke, duniya ta karkata ga motoci masu haɗa fetur da batir, da masu lantarki zalla, da masu tuƙa kansu. Binciken waɗannan abubuwa na cin kuɗin da ƙaramin kamfani ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Toyota kuwa tun 1997 ta fitar da Prius, mota mai haɗa fetur da batir, ta daɗe a wannan fage. Sai ta ba Suzuki fasaharta ta haɗin fetur da batir, ta kuma ba ta RAV4 da Corolla mai dogon baya ta sayar a Turai da sunan Across da Swace. Ka ga ke nan abin ba gefe ɗaya yake tafiya ba. Akwai Bature a can da ya ɗaga bonet ɗin Suzukinsa ya tarar da injin Toyota. A Indiya ma masana'antar Toyota da ke Bidadi, kusa da Bangalore, ita ke ƙera Grand Vitara ta Suzuki tun 2022.

Yanzu ga inda ni abin ya fi burge ni. A ranar 28 ga Agusta 2019 suka sanar da cewa kowa zai sayi hannun jari a kamfanin ɗan'uwansa. Toyota ta sa yen (kuɗin Japan) biliyan 96 ta karɓi kashi 4.94 cikin 100 na Suzuki. Suzuki ta sa yen biliyan 48 a Toyota, wato wajen kashi 0.2 kacal. Toyota na da ƙarfin da za ta sayi ninkin wannan sau da yawa, ba ta yi ba. Kashi biyar bai ba ka ikon naɗa shugaba ko sauke shi, bai ba ka ikon cewa a rufe wannan masana'anta a buɗe waccan. Shaida ce kawai ta cewa zaman na dogon lokaci ne. Kuma a sanarwar tasu sun faɗa ƙarara cewa za su ci gaba da gasa da juna a kasuwa. Ba maganar baki ba ce: Daihatsu, wadda Toyota ta mallaka gaba ɗaya tun 2016, ita ce babbar abokiyar hamayyar Suzuki a ƙananan motocin cikin Japan, har gobe suna fafatawa.

Me ya sa aka tsaya a kashi kaɗan haka? Saboda Suzuki ta taɓa ɗanɗana ɗaya hanyar. A Disamban 2009 ta ƙulla da Volkswagen ta Jamus, wadda ta karɓi kashi 19.9 na Suzuki. Manufar kusan iri ɗaya ce da ta yanzu: Jamusawa na son hanyar shiga Indiya, Suzuki na son fasaha. Ba a je ko'ina ba zama ya ɓaci. Volkswagen ta rubuta a rahotonta na shekara cewa tana da tasiri mai ƙarfi a kan harkokin Suzuki, abin da ya ƙona wa Osamu Suzuki rai, don shi a matsayin tsara ya shiga, ba yaron gida ba. Suzuki ta yi ƙorafin ba a ba ta fasahar da aka yi alkawari ba, Volkswagen kuma ta yi ƙorafin Suzuki ta je ta sayi injinan gazuwal wurin Fiat. A 2011 magana ta kai gaban masu sasanta rikicin kasuwanci a Landan, ba a yanke hukunci ba sai Agustan 2015. A watan Satumba Suzuki ta biya wajen yen biliyan 460 ta fanshi hannun jarinta. Washegari ne ma hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa maguɗin da Volkswagen ta yi a gwajin hayaƙin motocinta na gazuwal. Duk tsawon shekarun nan ko mota ɗaya ba su fitar tare ba.

Osamu Suzuki ya rasu a Disamban 2024 yana da shekara 94. Ni a ganina babban abin da ya bar wa kamfaninsa shi ne wannan tsayin daka, cewa ƙarami zai iya zama da babba ba tare da an haɗiye shi ba, in an rubuta sharaɗin tun ranar farko. Dubi Renault ta Faransa da Nissan ta Japan. A 1999 Renault ta ceto Nissan daga bashi ta karɓi kashi 36.8, daga baya ya haura 43, alhali Nissan na da kashi 15 kacal a Renault, shi ma ba ta da ikon jefa ƙuri'a da shi. Nissan ta murmure har ta fi mai cetonta sayar da motoci, amma iko yana Faransa. Wannan ƙullin ya yi ta cin su a ciki har aka kama shugabansu Carlos Ghosn a Tokyo a Nuwamban 2018, kuma sai a 2023 suka daidaita a kan kashi 15 kowane ɓangare. Ko a Fabrairun 2025 maganar haɗewar Honda da Nissan a kan wannan gaɓar ta watse, da Honda ta nemi Nissan ta koma ƙarƙashinta.

Saboda haka ɗana, motar da aka nuna maka ba haɗe-haɗen wani gareji ba ce. Suzuki ce ta ƙera ta da saninta, Toyota ta sa sunanta da saninta.

Ɗan Zengo ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baba. Allah ya ƙara girma. Mai gareji, kai ma na gode, maganar in kira ta Baleno a wurin masu kaya ta shige ni.

Baba, ina da sauran tambaya biyu, ka yi haƙuri da ni. Ta farko, wannan zaman nasu irin na matatar manmu ta SORAZ ne, da ake cewa ta 'yan Sin ce da gwamnatinmu? Ta biyu ita ce ta hana ni barci. Ka ce Suzuki ta taɓa rabuwa da Jamusawa bayan rigima. To in gobe ta rabu da Toyota fa? Ni mota nake son in riƙe shekara goma ko fiye, kamar yadda na riƙe tsohuwar. Kada in wayi gari Toyota ta ce ba tata ba ce, Suzuki ta ce ba ta san ta ba, in zauna da ƙarfe a ƙofar gida yara na wasa a kai. Mun ga motoci masu kyau a garin nan da suka mutu a tsaye ba don inji ya gaji ba, sai don an rasa wani ɗan abu da bai fi tafin hannu ba.

Hajiya Mai Atamfa ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba direba ba ce, 'yar kasuwa ce, amma na sayi mota na kuma sayar, bari in sa baki.

Baba, bayaninka ya gamsar, kuma ni ban ga abin mamaki a ciki ba. Ni da wata abokiyar sana'ata mota ɗaya muke haɗawa mu ɗauko kaya daga Kantin Kwari, mu raba kuɗin mota da na duwan, amma in mun iso Kasuwar Dole kowa rumfarta daban, mai saye ya zo kowa na kiransa. Abin da ya sa muka daɗe shi ne ba wadda ta taɓa cewa ita ce uwar ɗakin wata.

Amma ƙanena Ɗan Zengo, ga abin da nake so ka duba, wanda su maza masu son inji ba su faɗa maka ba. Ranar da za ka sayar fa? A garin nan sunan Toyota kuɗi ne a hannu. Ka sa Toyota a kasuwa da safe, kafin la'asar an taya. Wata motar kuwa sai ta yi wata da watanni dillalai na yawo da ita. To wannan sunan shi Toyota ta kawo cikin yarjejeniyar, kuma shi za ka biya. In aka ajiye maka Baleno da Starlet na shekara ɗaya, lafiya ɗaya, aka ce Starlet ta fi tsada, kada ka ce zalunci ne, kada kuma ka ɗauka ƙarfenta ya fi. Ka lissafa ko bambancin zai dawo maka ranar sayarwa. In zai dawo, ka biya. In dillali ya wuce gona da iri yana ce maka ai Toyota ce 'yar Japan, ka gaya masa ka san inda aka yi ta, ya sauko.

Ni damuwata ɗaya ce, kuma Toyota ɗin nake jiye wa. Sunan nan ba a rana ɗaya ta same shi ba, iyayenmu ne suka gwada motocinta a hanyoyin da ba kwalta suka yarda da ita. Yanzu ta ɗora shi a kan motar da ba ita ta ƙera ba. In motocin suka yi ƙarko, ta ci riba biyu. In ba su yi ba, ba wanda zai zagi Suzuki a tasha, ita za a zaga. Ina fata sun san nauyin abin da suka ɗauka.

Baba na Birni ya sake amsawa:

Hajiya, kin faɗi gaskiya, kuma wannan nauyin da kika ambata shi ne ya sa ni hankalina ya kwanta. Kamfanin da ya san sunansa ne a gaban mota ba zai karɓi abin da zai zubar masa da mutunci ba. Af, tun da ke mai atamfa ce, za ki so ki ji cewa kamfanonin nan biyu duk daga injin saƙa suka faro. Michio Suzuki ya buɗe masana'antar injin saƙa a Hamamatsu a 1909, shi kuma Sakichi Toyoda, wanda ɗansa ya kafa kamfanin motocin a 1937, da injin saƙa ya yi suna, kuma a yanki ɗaya na Shizuoka aka haife su.

Ɗana, SORAZ daban ce. Can kamfani ɗaya aka kafa sabo, kamfanin man Sin CNPC na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40, aka buɗe matatar a 2011. Tukunya ɗaya ce, mai kashi mafi yawa shi ke da rinjaye. Starlet ɗinka kuwa ba wani kamfanin haɗin gwiwa ne ya yi ta ba. Masana'antar Suzuki ce ta ƙera, Toyota ta saya ta sayar. Kowa da littafin lissafinsa, kowa da shugabanninsa.

Tambayarka ta biyu, ba wanda zai rantse maka cewa ba za su taɓa rabuwa ba. Amma ka lura da abu biyu. Da Volkswagen an yi shekaru ana takarda ba mota. Da Toyota kuwa motoci na fita ta kowane ɓangare, masana'antar wannan na yi wa wancan aiki, har motar lantarkin Suzuki ta farko, e Vitara, da ake ƙerawa a Gujarat, Toyota na karɓarta da sunanta. Raba irin wannan zama asara ce ga kowa, ba kamar yaga takarda ba ne. Na biyu, ko da sun rabu, kayan motarka ba daga Toyota suke fitowa ba tun asali. Baleno ta fito a 2015, kuma zuwa ƙarshen 2021 an sayar da fiye da miliyan ɗaya a Indiya kaɗai. Motar da ke da 'yan'uwa miliyan a kan titi, masu yin kayan gyara ba za su bar ta ba, don nan abincinsu yake. Motocin da ka ga sun mutu a tsaye a garin nan, galibi waɗanda aka kwaso daga Kwatano ne ɗaya-ɗaya, ba su da dangi a kusa.

Akwai kuma abin da ya shafi Afirka musamman. Kamfanin CFAO, wanda ke wakiltar Toyota a Yamai, Toyota Tsusho ce ta saye shi a 2012, ita kuwa reshen kasuwanci ce ta gidan Toyota, kuma tun 2019 aka damƙa mata harkar sayar da motocin Toyota a nahiyar. CFAO ɗin nan na sayar da Suzuki ma a ƙasashen Afirka da dama. A Tema ta ƙasar Gana, masana'antar da Toyota Tsusho ta buɗe a 2021 tana haɗa Hilux, ta fara haɗa Suzuki Swift a 2022. Wato a nahiyarmu hanyar da motocin biyu ke bi su iso gare mu kusan ɗaya ce. Kafin ka biya, ka kwafi lambar shasi ka aika wa wani naka a Yamai ya kai wa wakilin, a duba ko ta hannunsu ta shigo da kuma tarihin gyaranta. In ta hannunsu ta shigo, ka san an yi ta ne don ƙasa irin tamu, sitiyari da komai.

Mai Garejin Tasha ya ƙara da cewa:

Baba, maganar masu haɗin fetur da batir ɗin nan da ka yi ita ta tsaya mini a rai. Sun fara shigowa garin nan jefi-jefi, kuma in aka kawo mini ɗaya, abin da ya wuce birki da taya da canjin mai ba na taɓawa, don wayoyin nan masu ruwan lemo wutar da ke cikinsu tana iya kashe mutum. Ina da yara a gareji masu kaifin kai, wasunsu sun yi lakol har sun iya karanta littafin mota da Faransanci. In yarjejeniyar nan za ta riƙa turo mana irin waɗannan motoci, to mu ma sai mun shirya tun yanzu. Don Allah duk wanda ya san inda ake koyar da gyaransu, a Yamai ne ko Maraɗi ko Kano, da abin da ake biya da tsawon lokacin, ya rubuto a nan. Zan iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya bana.